Azumin Alhaji Modi da Kilo Biyar

Cikin duk shekarun da na yi ina jan motar gwamnati, ranar da ta ƙi fita raina ita ce wadda aka ce in kai shugabana Fakku, na kai shi wani wuri daban. Ku yaran da kuka gaje mu a gareji kun sha jin labarin a bakin masu ƙari, har na ji an ce wai ɗaure shi na yi da igiya a bayan mota. Ban ɗaure kowa ba. Ga yadda aka yi, daga bakin wanda ya riƙe sitiyari.

A lokacin ina direba a ofishin aikin gona na shiyya da ke Tambuwal. Don wanda bai san tsarin ba, shiyya ita ce ke duba manoman ƙaramar hukuma fiye da ɗaya, mu tamu ta haɗa har da Kebbe. Akwai shugaban shiyya a sama, sai mataimakinsa, sai malaman gona da ke zaune a ƙauyuka, sai akawu da mai sito. Daga nan sai mu direbobi da masinjoji, waɗanda in an zo rabon kujeru a taro ake tunawa cewa tsayuwa ta fi mana lafiya. Ni karatuna na boko a aji huɗu ya tsaya, ba don ya ƙare ba, don ni na ƙare. Amma tuƙina ba a taɓa kuka da shi ba.

Babbar dokar direba guda ce. Inda aka rubuta a takardar fita, can za ka. Ba ka ƙara gari, ba ka rage gari. In ka karkata ba da izini ba, sai takardar tuhuma, wadda muke cewa kweri, kuma kweri ga wanda ke dab da ajiye aiki, kamar ni a lokacin, ba abin dariya ba ne.

Shugaban namu shi ne Alhaji Modi. Taubashina ne, mahaifiyarsa Gwaggo Kulu ƙanwar babana ce. Kun san wasan taubasai. Abin da nake faɗa masa, da mataimakinsa ne ya faɗa, da an mayar da shi ƙauyen da waya ba ta shiga. A ofis ina cewa "ranka shi daɗe" kamar kowa. In mun rufe ƙofar mota mu biyu, ya koma Modi, ni kuma Bube.

Allah Ya yi wa Modi jiki. Ba irin tumbin nan na manyan ma'aikata nake nufi ba, wanda babbar riga ke rufa wa asiri. Motar da nake ja, a-kori-kura mai ƙofa huɗu, sai da ta koyi tafiya a karkace wajen da yake zama. Bakanike ya duba ta har ya gaji, ya ja ni gefe ya ce ba motar ke da ciwo ba. Muna dariya, amma abin ba na dariya ba ne. Ga hawan jini, ga sukari, gwiwoyi sun ƙi, salla sai a kan kujera. Matarsa Hajiya ta ce in yana barci numfashinsa yakan ɗauke har sai ta girgiza shi.

Daga ƙarshe likitoci suka ba shi shawarar aiki. Aka kai shi wani asibiti a Abuja aka rage masa tumbi, wato jakar abincin da ke ciki, aka bar masa 'yar siririya, an ce ba ta fi ayaba ba. Bai tafi ba sai da Gwaggo ta yarda, kuma ba da sauƙi ta yarda ba.

Watannin farko, jiki ya riƙa zuba kamar an kwance bakin buhu. Mu nan ba mu saba ganin babban mutum ya rame don ganin dama ba, saboda haka mutane suka riƙa zuwa ofis suna "sannu da jiki." Wasu suka ce sammu ne, har da masu kawo rubutu a gora. Telansa kuwa ya samu aikin rage riguna har ya daina gaishe ni da kyau, girma ya zo. Modi na jin duk wannan yana murmushi, don shi ya san abin da ya samu. Sukari ya sauka. Ya ajiye kujerar salla. Ya fara bin kunya da ƙafa a gonakin gwaji, malaman gona na binsa suna haki.

Ba a asibiti yake awo ba. A sitonmu akwai sikelin da ake ɗora buhun taki da na iri, mai faffadan ƙarfe a ƙasa da sandar da ake tura wa nauyi. Nan yake cire takalmi da hula ya hau, mai sito ya tura ƙarfe ya faɗa masa. Da farko ranar Litinin kaɗai. Daga baya kullum da safe, kafin ya shiga ofis.

Likitan da ya yi masa aiki ya taɓa ambata masa wani adadi, ya ce nan ake fatan ya kai. Modi ya riƙe adadin nan kamar ranar albashi. Da aka shiga shekara ta biyu, saura kilo biyar ya kai, sai abu ya ja birki. Wanda a da yake zubar da kilo da yawa a wata, yanzu wata ya wuce da kyar a ga rabin kilo. Wata safiya ma sandar sikeli ta nuna ya ƙaru, mai sito ya ce wai ƙila iska ce.

Ranar da ya kira likitan muna kan hanyar Dogon Daji, ya buɗe muryar waya, saboda haka ni ma na halarci ganin likita kyauta. Likitan, da Hausarsa ta Kano, ya ce, "Alhaji, wannan ba matsala ba ce, haka ake yi. Lokacin da jikinka ke da girma, abinci mai yawa yake ƙonawa kafin ya ɗauke ka. Yanzu ya ƙanƙance, ɗan abin da kake ci ya kusa isar sa. Kowa in ya kusa kaiwa sai abin ya yi sanyi. Ka ci wake da ƙwai da kifi, ka riƙa kurɓar ruwa duk yini, ka ci gaba da tafiya da ƙafa. Adadin nan kusa da shi muke nema, ba dole sai an taka shi ba."

Da ya kashe waya na ce, "Ka ji, Modi. Da tirela kake, yanzu ka koma ƙaramar mota. Ƙaramar mota ba ta shan man tirela."

Ya ce, "Bube, likita ya yi magana, kai ma sai ka yi? Dubi hanya."

Na dubi hanya. Amma na ga a madubi bai gamsu ba. Mutum ne da duk abin da aka ba shi adadi sai ya cika shi, ko buhun iri ne ko kadadar noma. Bai san yadda ake tsayawa a kusa ba.

Sai ya fara azumi.

Litinin da Alhamis, babu wanda ya ce komai, ai da yawa suna yi. Sai ya ƙara da kwanakin tsakiyar wata. Sai ya koma yau azumi gobe hutu. Kafin mu ankara, ranar hutun ma ya fara tsallake ta. Kuma ga bazara ta kankama, irin zafin da kuka sani, wanda ko akuya ba ta barin gindin bango. Bai faɗa wa likita ba.

Ku fahimci inda haɗarin yake. Ni da ku, in an kira magariba, mu ɗaga moɗa mu shanye, mu ƙara, mu bi da kunu. Shi kuwa ɗan kofin shayi ya cika masa ciki. Kuma an hana shi haɗa ci da sha, sai ya ci ya jira, sannan ya kurɓa. Daga magariba zuwa asuba ba ya iya mayar da ruwan da rana ta kwashe masa. Kullum da gibi yake wayewa, gobe gibin ya ƙaru.

To, wa zai ce wa Musulmi ya bar azumi? Nan abin ya tsaya wa kowa a wuya. Da magani ne yake sha ba bisa ƙa'ida ba, da an ƙwace. Hajiya ta gwada, ya tambaye ta ko ita za ta tsaya masa ranar lahira, ta ƙyale shi. Mataimakinsa kuwa yabo ya riƙa yi, yana cewa Alhaji ya zama waliyyi. Ni ban ce ba don Allah yake yi ba, zuciya Allah kaɗai Ya san ta. Na dai lura cewa duk safiyar da sikeli ya ƙi motsi, washegari akwai azumi.

Na sami limamin masallacin ofis, dattijo mai sanyin magana, na faɗa masa. Ya ce, "Bube, bakina ba shi iya hana mutum ibada. Na yi mashi nasiha, nic ce jiki amana na, yac ce ya ji. Amma azumin nafila, in uwa tac ce a aje don tausai, ajewa aka yi." Na yi godiya, na ajiye maganar a raina, ban san ranar amfaninta ba.

Ranar ta zo dab da faɗuwar damina. Aka rubuta mana fita zuwa Fakku, inda malamin gona ya tara manoma za a yi musu bayanin sabon irin gero kafin shuka. Mu biyu ne a motar. Na'urar sanyaya motar ta daɗe da mutuwa, iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin tanda. Tun da muka bar Tambuwal nake satar kallonsa. Leɓɓansa sun tsage, idanu sun faɗa, yana dafe da kwiɓi. Ya tambaye ni ko an loda buhunan iri, na ce an loda. Ba a jima ba ya sake tambaya.

Muka tsaya salla a gindin wata tsamiya. Da ya ɗago daga ruku'u sai na ga ya yi baya kamar zai faɗi, ya dai daure ya ƙarasa a zaune. Bayan sallama na ce, "Modi, ga ruwa cikin mota. Matafiyi kake."

Ya ce, "Saura kaɗan rana ta faɗi."

Na ɗaga kai na dubi rana. Tana tsakiyar kanmu tana kallonmu.

Kafin a kai Kebbe akwai wata 'yar hanya da ta ratse zuwa ƙauyen da Gwaggo take, inda ta ƙi bari duk da ginin da ya yi mata a gari. Da muka iso mararrabar, hannuna ya karya sitiyari. Ba zan ce muku na yi dogon tunani ba. Da na yi, da tsoron kweri ya hana ni.

Ya buɗe ido. "Bube, wagga ba hanyar Fakku ta ba."

"Awo, na sani, ranka shi daɗe."

"To ina za mu?"

"Gaisuwa."

"Juya motar ga."

"Babu wurin juyawa, rairayi na. In nit tsaya, kafewa za mu yi." Wannan rabinsa gaskiya ne.

"Mutane na can suna jirana. Ka san mi kaka yi? Ka san saura nawa ka aje aiki?"

"Na sani, Modi."

Ya so ya yi faɗa, amma faɗa ma sai da yawu. Ya mayar da kai jikin kujera.

Muka tarar da Gwaggo a rumfar ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Idonta ya yi rauni ƙwarai, da murya take gane mutane. Muka durƙusa muka gaishe ta. Ta miƙo hannu ta lalubo wuyan hannunsa, ta hau har fuska, ta taɓa leɓɓansa. Ta jawo moɗa ta ɗebo ruwa a randar da ke gefenta, ta miƙa masa.

"Sha."

"Inna, azumi nika yi."

"Ramuwa?"

"A'a."

"Bakance kay yi?"

"A'a, Inna. Nafila ta."

"To madalla. Mi kaka roƙo wurin Allah da ita?"

Modi, mutumin da ke tsayawa gaban kwamishina ya yi bayani ba takarda, ya sunkuyar da kai kamar yaro. Ni kuwa taubashi, an san bakina ba ya zama. Na ce, "Kilo biyar, Gwaggo."

"Mi na kilo?"

Na ce, "Kamar tiya biyu ta gero. Su sunka rage mashi ga jiki, sun ƙi sauka, shi ko yac ce sai sun sauka."

Na ɗauka za ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta riƙe moɗar nan a sama, ruwa na ɗiga a tabarma.

"Tiya biyu," ta ce. "Modi, sadda anka aza mani kai ga cinya, duk jikinka ba ka kai tiya biyu ba, ban ko raina ka ba. Na yarda anka sa maka wuƙa don kac ce kana son goshinka shi taɓa ƙasa. Ya taɓa?"

"Ya taɓa, Inna."

"Kana kwana lafiya?"

"Ina yi."

"To mi ya rage? Ban ba da kai ga likita ba don in zauna karɓar gaisuwarka kan tiya biyu. In ajali ya zo, ni ka gaba, kai ka baya, hakanan nika roƙo kullum. Na ce ka sha. In da laifi, a rubuta mani."

Ya sa hannu biyu ya karɓa. Ya yi bismilla ya kurɓa, ɗan kaɗan, kamar tsuntsu, don cikin ba ya karɓar fiye da haka. Ya jira, ya sake kurɓa. Ni na tashi na je duba tayar mota, wadda babu abin da ya same ta.

Da na dawo na tarar tana kafa masa sharaɗi. Babu sauran nafila sai wanda ya yanka shi ya ce a yi. Na watan Ramadan kuwa, ta ce wannan tsakaninsa da Allah da likita, ba ta shiga. Sannan ta juyo wajen da ta ji motsina.

"Kai kuma, Bube, ƙaton banza. Kullum kana gaba shina baya, sai da yak kai haka kak kawo shi?"

Na ce, "Gwaggo, shugabana na."

Ta ce, "Shugaban uwaka." Uwar tawa kuwa matar yayanta ce, ta san da wa take.

Ba mu je Fakku ba. Asibiti na kai shi, aka ɗaura masa ruwa, aka kwantar da shi. Ma'aikacin da ya duba shi ya ce ƙodarsa ta fara ƙorafi, da an ƙara 'yan kwanaki a haka da labarin ya canza. Manoman Fakku kuwa sun yini a rana suna jiran motar da ba ta zo ba, wasu daga nesa suka taso. Washegari na kai mataimaki da buhunan iri, na bi dattawansu na ba su haƙuri. Wani tsoho ya ce mini rana ɗaya ta gyaran gona na ci masa. Gaskiya ya faɗa, ban musa ba.

Da Modi ya dawo aiki ya kira ni ofis, gaban mataimaki da akawu. Ya ɗaure fuska.

"Malam Bube, ka kauce hanya ba da izini ba."

"Na kauce, ranka shi daɗe."

"Kada ka sake."

"In sha Allahu."

Iyakar hukuncin ke nan. Da yamma da muka shiga mota na rufe ƙofa, na daidaita madubi na ce, "Kai ma kada ka sake." Ya ce in ja mota.

Kilo biyar ɗin fa? Ya koma kan abin da likita ya ce tun farko, wake da ƙwai da kifi da nono, gorar ruwa a hannu kamar carbi, tafiya bayan asuba. Daga shuka har kaka, biyu suka sauka, a hankali, ba wanda ya ga ranar tafiyarsu. Uku suka ce su nan ne gidansu. Likita ya ce a bar su, ba su tare wa kowa hanya ba. Mai sito ya koma auna taki.

Abin da wannan ya koya mini game da aikinmu shi ne, babban mutum kullum cikin jama'a yake, amma masu iya ce masa "bari" ƙarewa suke yi yayin da yake hawa. A ofis kowa na da abin da yake tsoron rasawa. A gida ana jin nauyinsa. Direba kuwa yana ganin fuskarsa a madubi fiye da yadda iyalinsa ke gani, shi ke fara sanin ranar da ba lafiya. Ban ce ku riƙa karkatar da motar gwamnati ba, dokar nan don amfanin mutane aka yi ta, kuma kun ji abin da kaucewata ta ja wa manoma. Amma duk wanda kuke ja, ku san mutum ɗaya da yake jin maganarsa, ku san hanyar gidansa. Kuma kada ku jira har leɓe ya tsage, kamar yadda na jira.

Gwaggo ta rasu bayan mun yi ritaya mu duka biyu. Roƙonta ya karɓu, ita ta riga. Modi ne ya sauka cikin kabarin da ƙafafunsa ya karɓe ta ya kwantar, ya fito ba wanda ya kama masa hannu. A hanyar dawowa ni nake jan motarsa, don ya ce har yanzu bai yarda da tuƙin 'ya'yansa ba. Da muka yi nisa sai ya ce, "Bube, yanzu in na ƙi ji, wurin wa za ka kai ni?"

Na ce, "Babu kowa. Sai dai ka fara jin tawa."

Ya daɗe yana kallon gonaki ta taga. Can ya ce, "Allah Shi kyauta." Amma bai ce a'a ba.